Yadda Yayata Ta Suma a Bakin Zaure

Shekarar da yajin aiki ya cinye mana karatu, ina aji uku a kolej ɗin Gure. Yau malamai ne ba su zo ba, gobe ɗalibai ne suka fita zanga-zanga, jibi kowa ya manta wanda ya fara. Muka zauna gida wata da watanni. A wannan zaman ne littattafan soyayya suka shigo gidanmu, kuma goggona ce ta kawo su, ƙanwar Baba, wadda take fatauci tsakanin Kano da Damagaram, tana ƙarasowa wurinmu da ragowar atamfa da kwanuka da turare. Ita ba ta iya karatu ba. Ta ce ta ga matan Kano suna rububinsu ne, ta ɗebo goma sha wani abu ta cusa cikin ɗaurin zannuwa, shi ya sa duk wanda ka buɗe sai ƙanshin sabuwar atamfa ya buge ka.

Ni aka ɗora wa karatun, don ni kaɗai na yi nisa a lakwal, wato makarantar boko. Yayata ta bar makaranta tun tana ƙarama, tana iya haɗa baƙi amma da kyar. Sai dai ni ma da Faransanci aka koya mini karatu, ban taɓa ganin Hausa a rubuce da yawa haka ba. Ranar farko, inda aka rubuta gida sai in ce jida, inda aka rubuta ciki in ce siki. Mata suka yi ta dariya har da riƙe ciki, kakarmu kuwa ta girgiza kai ta ce ashe haka harshen Kanawa ya lalace. Kwana uku na yi kafin bakina ya miƙe. Inda aka zuba Turancin Ingila kuma, wanda ba wanda yake ji a gidan, sai in ce nan ya yi mata Turanci, kowa ya gyaɗa kai, mu wuce.

Bayan azahar muke zama a gindin dogon yaron tsakar gida: ni da Yaya, da maƙwabtanmu mata biyu, da Inna tana zuwa tana komawa madafa, da Kaka a gefe da faifan da take saƙawa. Kafin goggo ta sake zagayowa mun karance su duka, wasu har sau biyu, na kuma gane cewa littafi ɗaya ne ake ta canza masa bango. Yarinyar kullum fara ce, doguwa, hanci kamar an ja shi da zare, gashi har gadon baya, idanu kuwa sai an ɓata shafi guda a kansu. Saurayin bai daɗe da dawowa daga ƙasar waje ba, ba shi da aiki sai zagaya gari a mota yana neman wadda zai kusa bugewa don su saba. Ba a daka a cikin littattafan nan, ba a zuwa rijiya, akuya ba ta shiga ɗaki ta ci gari. Abinci sai dai ka ji an jera shi a tebur, a ci cokali biyu a ture saboda tunani. Kaka, wadda Babarbariya ce ta wajen Bune, Hausarta ma da ɗan gargada, ita ta fi kowa katse ni. Takan tambayi yaron nan ɗan gidan wa ne, me ubansa yake saye da sayarwa, kuma wa yake cinye abincin da suke turewa.

Sai kuma ciwo. Kowane littafi, in an ci kashi biyu cikin uku, yarinyar za ta dafe ƙirji ta sulale ƙasa. Saurayi ya sungume ta ya sa a mota, a asibiti a ɗaura mata ƙarin ruwa, likita ya cire tabarau ya tara iyaye ya ce zuciyarta ta kumbura, in ba a ba ta abin da take so ba to a fara neman likkafani. Daga nan kowa sai kuka da neman gafara, shafi ashirin a gaba an ɗaura aure. Maƙwabtanmu sukan share hawaye da bakin zane. Ni nakan yi dariya a ciki, ina jin kaina ƴar kolej wadda ta fi ƙarfin irin wannan. Amma ban taɓa ajiye littafi ban kai ƙarshensa ba, kuma in ba kowa a ɗaki nakan tsaya gaban madubi in ja hancina in ga ko zai ƙaru.

Yaya ba ta dariya. Shekarunta goma sha tara a lokacin, baƙa, kakkaura, mai ƙarfin gaske. Ita take sauke wa Baba buhun hatsi daga amalanke in babu namiji kusa, kuma tun da nake ban taɓa ganin ta kwanta ciwo ba, mura ma kwana ɗaya take yi mata ta gudu. Tana da masu zuwa zance biyu, wani tela da wani ɗan dillalin kanwa, Baba kuma ya ce ta zaɓa a tsanake, ba mai korarta. Kafin littattafai tana fita wurinsu da fara'a. Bayan littattafai ta fara dawowa da tsaki. Telan, in ji ta, wata shida yana zuwa bai taɓa cewa ya kasa barci saboda ita ba, hasali ma kullum ƙiba yake ƙarawa. Ɗan dillalin kuwa, da ta tambaye shi me zai yi in ta mutu, sai ya yi tunani da gaske, ya ce zai zo gaisuwa. Cikin mako ɗaya ta sallame su duka biyun.

A shagon da ke jikin zaurenmu akwai baƙo, ma'aikacin dabbobi da gwamnati ta turo daga yamma, wajen Tawa. Baba ne mai masaukinsa, daga gidanmu ake kai masa kwano rana da dare. Muna ce masa Likita, ko da yake marasa lafiyarsa duk masu ƙafa huɗu ne. Siriri ne, dogo, yana da tabarau da moto, wato babur, da wani akwatin ƙanƙara da yake ɗaurawa a baya, yana lallaɓa shi kamar jariri don a ciki allurar rigakafin shanu take. Ya kusa shekara a gidan, Yaya ba ta san da zamansa ba sai in za ta yi mitar wanke kwanonsa. Amma da aka auna mazan Gure da mudun littattafai, shi kaɗai ya kusa cika: ya yi karatu, ya zo daga nesa, ga tabarau, ga abin hawa. Warin awakin da yake dawowa da shi daga Gamu da Bune, Yaya ta ce wannan ba komai, aure zai gyara.

Da girki ta fara. Ta sa na sake karanta mata wurin da wata yarinya ta haɗa wa saurayinta wani abinci na ɗanyen ganye da ƙwai da wani farin abu mai sunan Turanci. Ta samo salati da tumatir daga masu lambun kwari, farin abun kuma ta yanke hukuncin kindirmo ne. Ni na kai. Kwano ya dawo a suɗe, Yaya ta yi kwana biyu tana murmushi ita kaɗai. Ban gaya mata ba cewa da na koma ɗaukar kwanon, tsohon maigadin ma'aikatarsu na tarar yana lashe hannu, Likita kuwa yana gefe yana shan furarsa.

Sai wasiƙa. Ni na rubuta, da jan bik, wato biro, a takardar da na yago daga kayen lissafina, littafin da nake rubutu a aji. Ba mu wahalar da kanmu ba, muka buɗe littafin da ya fi sa maƙwabta kuka, na kwafe wasiƙar da ke ciki daga sama har ƙasa, sunaye kawai na cire. Muka shafa mata turaren goggo, muka ninke, muka sa tsakanin kwano da faifai. Washegari da na je ɗaukar kwano sai ya miƙo mini ita, ya ce da Hausarsa ta yamma wai takardata ta lakwal ta hwaɗo cikin abinci, in riƙa kula. A bayanta ya rubuta wasu lambobi da sunayen rugage. Yaya ta juya takardar nan ta juya, ta sa na karanta mata lambobin sau uku ko akwai wani saƙo a ɓoye. Lissafin awaki ne da tumaki.

Da girki da wasiƙa suka ƙi, abu ɗaya ya rage a littafi. Zan so in ce na hana ta, amma ban hana ta ba. Wata biyar ina zaune ba lakwal, na gaji da karanta suma, ina so in ga yadda ake yin ta. Ni ce ma na kawo shawarar ta fara da ƙin cin abinci kwana uku don abin ya yi kama da gaske. Wannan shi ya fi ba ta wuya, don Yaya da tuwo ba sa haɗuwa a rabu lafiya. Takan ture kwano a gaban Inna ta ce bakinta ba daɗi, ni kuma in bi ta ɗaki da dabino da cuku a ƙulle a gefen zane. Da rana tsaka, in kowa ya kwanta ƙailula, mu yi gwaji. Matan littafi sulalewa suke yi, Yaya kuwa faɗuwa take yi kamar an sare goriba, har kwanukan jeren Inna suna amsawa. Na yi ta koya mata: ta lanƙwasa gwiwa tukuna, ta dafe ƙirji da hannun dama, kada ta manta da lumshe ido.

Wata Alhamis bayan la'asar, Likita ya dawo daga daji, yana zaune da Baba a tabarma a bakin zaure, akwatinsa na ƙanƙara a gefensa. Baba ya kira a kawo ruwa. Yaya ta karɓe kwanon shan daga hannuna. Ta riga ta ɗaura sabuwar atamfa, ta zizara kwalli. Na laɓe a bayan ƙofa ina kallo. Ta yi sallama, ta taka biyu, ta dafe ƙirji, ta ce wayyo zuciyarta a hankali, ta tafi ƙasa. Duk abin da na koya mata ta manta, ta faɗi gaba ɗaya, kwanon ya yi sama, ruwa ya watsu. Likita ya zabura da hannu biyu a miƙe, na ce a raina yau ga littafi ya tabbata. Akwatinsa ya sunguma ya ɗaga sama kada ruwa ya shiga. Da ya ga ƴar mai masaukinsa ce kwance a ƙasa, sai kunya ta kama shi, ya fita waje da akwatin a rungume ya juya baya.

Mu huɗu muka ɗauke ta, ni da Inna da maƙwabtan nan biyu, muna nishi. Ɗayarsu ta ce Allah mai iko, kwana uku ba ta ci ba amma nauyin yana nan. Kaka ta sheƙa mata rabin randa, kwalli ya bi kumatu. Da ba ta motsa ba sai ta sa aka kawo garwashi, ta barbaɗa barkono ta kanga mata a hanci. Na yaba wa Yaya, ta daure fiye da yadda na yi zato, amma a ƙarshe ta tashi zaune da atishawa bakwai a jere. Kaka ta duba idonta ta ce zafi ne ya taru mata a ciki. Ta jiƙa maɗaci da tsamiya da jar kanwa, ta cika ƙoƙo, ta tsaya a kanta sai da ta shanye. Washegari Yaya tsakanin ɗaki da bayan gida ta wuni. A littattafai goma sha wani abu, ban taɓa karanta yarinyar da so ya kai ta bayan gida sau tara ba.

Duk da haka ba ta saki ba. Kowa ya tambaye ta ina ke ciwo sai ta dafe ƙirji. Kaka ta ce to mataccen jini ne, a kira wanzami. Wata uku Yaya tana shafa wa gashinta man shanu tana kitsa shi tana kwancewa don ya sauko baya irin na matan littafi. Wanzami ya zo, Inna ta kare ta da zane, ya sa aska ya share mata ƙeya faɗin tafin hannu, ya kafa ƙaho biyar. Da ya gama ya zagaya da baƙin jinin a kasko yana nuna wa kowa, kowa yana cewa lalle ciwo ya fita. Ɗan dillalin kanwa ya zo dubiya da ƙunshin dabino, ya tsaya daga zaure ya yi addu'a ya tafi. Ni dai a nan na tsorata, na ce Yaya mu bar abin nan haka. Ta dube ni da jajayen idanu ta ce a wane littafi na taɓa ganin an warke kafin a je asibiti.

Aka je. Ba a mota ba, a amalanken jakin maƙwabta, an shimfiɗa mata tabarma, ni ina riƙe mata lema, jakin yana tsayawa duk inda ya ga ciyawa. Muka bi layi a disfansar, ƙaramin asibitin garinmu, tare da mata masu goyo da wani makiyayi da raƙumi ya cije shi. Majo, wato babban malamin jinya, tsoho ne mai tabarau wanda ya ga haihuwar rabin garin. Ya sa mata abin awon zafi, ya saurari ƙirjinta gaba da baya. Yaya ta ce masa zuciyarta ce take kumbura, ko zai ɗaura mata serom, wato ƙarin ruwa. Ya cire tabarau. Na kasa kunne, don a nan ne ake tara iyaye. Ya hura musu iska, ya goge da bakin riga, ya mayar, ya ce zazzaɓin sauro ne, allura biyar, ɗaya kullum. Serom kuwa, in ji shi, na waɗanda suka kama hanya ne, ita da ganin damtsenta za ta binne mu duka.

Allurar nan mai zafi ce, irin wadda take sa ƙato ɗingishi. Bayan ta uku Yaya ba ta iya zama sai a kaikaice, kuma yanzu ta rame da gaske, don jiƙon Kaka bai tsaya ba, dabino ma ya daina shiga. A nan abin ya daina ba ni dariya. Baba, wanda ko ranar Salla sai ya leƙa kantinsa, ya bar shi a rufe kwana biyu. Yana zaune a ƙofar ɗakinmu da carbi, in Yaya ta yi tari sai ya ɗago kai. Ya sa aka toya waina aka raba sadaka. Da ya ga na wuce sai ya ce in riƙa zama kusa da ita, ni take jin daɗin hira da ni. Na ce to, na kasa duban fuskarsa.

Rana ta huɗu Baba ya ce ai likita likita ne, ko na mutane ko na dabbobi, bari ya roƙi baƙonsa ya duba ta. Da Yaya ta ji sai jini ya dawo mata fuska. Ta sa na zizara mata kwalli, na ɗaura mata kallabi ya sauko har wuya don ya rufe aikin wanzami, ta kwanta ta gefen da ya fi sauƙi ta lumshe ido. Likita ya shigo da sallama, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna nesa kaɗan, Baba da Inna da Kaka da maƙwabta duk suna tsaye. Ya nemi izini ya ja fatar idonta ƙasa ya duba. Ya ce ta buɗe baki, ya leƙa dasashi. Ya tsunkuli fatar bayan hannunta ya saki ya ga yadda ta koma. Sannan ya juya ga Inna ya tambaye ta bayan gidan yarinyar, sau nawa a yini, kuma wace kala. Inna ta ba shi amsa dalla-dalla, maƙwabciya ɗaya tana gyara mata lissafi. Yaya ta ja bargo ta rufe kai.

Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa ya ce, “Alhaji, ni dai dabba na sani. Amma da tunkiya ce, sai in ce a bar ba ta magani, a ba ta abinci.”

Ya ce a samo mata hanta da madara, a kuma huta da kanwa. Kaka ta yi tsaki ta koma kan faifanta.

Da magariba na kai masa kwano, zan juya ya ce in dakata. Yana goge motonsa ne, bai ma dube ni ba.

“Ƴar lakwal, ke kika rubuta takardar nan ko?”

Na ce wace takarda.

“Mai jan bik. Rubutunki da kyau. Sai dai ni ban da mota, kuma ban taɓa shiga jami'a ba, balle a hango ni ina fitowa a ƙoharta.”

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mun cire sunaye, mun manta da motar da jami'ar. Bai yi dariya ba, wanda da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce ƙannensa mata ma suna karanta irin waɗannan, ya san kayansu. Ya ce yana da mata a garinsu, ƴar kawunsa ce, har da ɗiya guda, yana jiran ya samu gida ne ya ɗauko su, kuma Baba ya san haka tun ranar da ya sauka, duk mai zama zauren nan ya sani. Ya mayar da takardar ne don kada ya kunyata kowa a gidan mutumin da yake ciyar da shi, yana zaton abin zai tsaya nan.

“Ki gaya mata ta ci abinci,” ya ce. “Mahaifinku kwana biyu bai buɗe kanti ba.”

Wata da watanni ni da Yaya muna ce masa bagidajen da bai san komai ba sai awaki. Ashe a cikinmu uku shi kaɗai ya karanta wasiƙar nan da hankalinsa a jikinsa.

Sai da safe na iya gaya mata. Ta saurare ni har ƙarshe, ta tambaye ni ko da gaske ya ambaci motar, na ce ya ambata. Sai ta fashe da kuka. Ba irin na littafi ba ne mai hawaye biyu suna gangarowa a kumatu. Kuka ne mai majina da shessheƙa, baki a buɗe, irin wanda rabonta da shi tun tana yarinya. Inna ta shigo da gudu, ta zaci wurin allura ne, ta rungume ta tana cewa ta yi haƙuri, saura ɗaya. Ta biyar ɗin ma sai da aka yi mata, don majo ba ya barin aiki rabi. Da muka dawo ta ce a ba ta tuwo. Ta ci malmala biyu da miyar kuka, ta sha madara, ta yi barci har la'asar.

Daga nan aka shiga rabon yabo. Wanzami ya ce ƙahonsa ne, majo ya ce allurarsa ce. Baba ya buɗe kanti yana gaya wa duk wanda ya zo sayen sukari cewa baƙonsa ya warkar masa da ƴa da kallo ɗaya. Kafin mako ya zagayo mutane sun fara kawo wa Likita yaransu da tsofaffinsu bakin zaure, har ya koma fita tun asuba yana tura moto da hannu sai ya yi nisa ya tayar. Telan nan kuwa, a cikin kwanakin jinyar aka sa masa rana da wata ƴar unguwarsu. Da Yaya ta ji ta ce Allah ya sanya alheri, ta shiga madafa ta daka hatsin kwana uku.

Kaka ce kaɗai ba ta shiga rabon ba. Bayan kamar wata guda ina zaune ina tsefe mata kai, sai ta ce, kamar mai zancen farashin gishiri, da mun tambaye ta da ta gaya mana yaron nan yana da mata, ai a wurinta ya ba da ajiyar turmin atamfar da ya saya wa matar. Hannuna ya tsaya a kanta. Ta ce in ci gaba da tsifa. Ta ce ta ga sumammu da yawa a rayuwarta, ba ta taɓa ganin wadda ana ɗauke da ita tana janyo zane tana rufe ƙwauri ba. Na ce to Kaka, tun da kin sani, me ya sa kika ba ta maɗaci, har da ƙaho?

“Ai ciwo ne,” ta ce. “Kuma ya warke.”

Bayan damina aka buɗe lakwal, muka maimaita ajin gaba ɗayanmu. Likita ya samu gida a bayan namu, matarsa ta iso a kan kamyo, babbar motar kaya, da ɗiyarta da turminta. Mun yi ta sake-saken yadda za ta kasance. Gajera ce, baƙa fiye da Yaya, mai wushirya, in ta yi dariya ana jin ta a gida na uku. Ba ta san kowa a Gure ba, don haka ranar da ta kwana biyu ta shigo gaishe da Inna, ta tarar goggo ta kawo sababbin littattafai ina karantawa, ta zauna, ba ta tashi ba sai da aka kira magariba. Daga ranar kullum tana nan. Ta fi maƙwabtanmu saurin kuka, kuma takan yi wa samarin littafi faɗa da babbar murya kamar suna jin ta.

Kwanakin farko Yaya ba ta ce mata komai sai gaisuwa. Amma matar ba ta san yadda ake miyar yankinmu ba, ba ta jin ko kalma ɗaya ta Barbarci, masu nono suna cutarta a kasuwa, Yaya kuwa ba ta iya ganin ana aiki ba daidai ba ta yi shiru. Ta fara raka ta cefane, ta koya mata ciniki, ta goya mata ɗiya. Kafin shekara ta zagayo sai ka ga ɗaya ka tambayi ina ɗayar. Da Yaya ta tashi aure, da wani direban kamyo mai zuwa Damagaram wanda ita ta zaɓa da kanta, matar Likita ce ta tsaya a kan girkin biki, ita ta yi mata rakiya har ɗaki.

Ko ta san abin da ya faru kafin zuwanta, ban sani ba, ban kuma taɓa tambaya ba. Shekara biyu bayan nan aka mayar da mijinta yamma. Mijin Yaya ne ya ɗauki kayansu. Muka raka su tasha, Likita yana can yana faɗa da masu lodi kan yadda za a ɗaure motonsa, su biyun kuma suna riƙe da juna a gindin mota suna kuka, direba yana ta danna oda, sai da Inna ta shiga tsakani ta raba hannuwansu.